Hajiya Yalwa Ta Ce In Tofa Mata

Masu bibiyar labarin nan, ku gyara zama, yau bakina cike yake. Ga wanda ya shigo yanzu, sunana Lauratu, 'yar Wusasa ce ni ta Zariya, Bahaushiya gaba da baya, kuma Kirista tun kaka da kakanni. Na san wani ya ɗaga gira. Ɗaga abinka, na saba. Ma'aikaciyar jinya ce ni, ƙaro karatu ya kawo ni Guangzhou ta ƙasar Sin, ina kuma aikin koyo a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a bayan titin Liuhua Lu, unguwar da 'yan kasuwarmu suke yawan sauka. Tun da masu asibitin suka gane ina jin Hausa da Turanci da ɗan Sinancin da zai fisshe ni, na zama tafinta ba tare da an tambaye ni ba. Duk baƙar fatar da ya shigo yana dafe da ciki, ni ake ƙwala wa kira.

Wallahi ina jin daɗin zamana. Ɗakina ƙarami ne, gado da tebur da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, sai kwalaben kuka da daddawa da yajin da Mama ta cuso mini a jaka, na jera su a bakin taga. Zafin garin ne kawai ba ma shiri, irin wanda za ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Ga shi lokacin wasannin Olamfik ne da ake yi a ƙasar, ko'ina tutoci, kowane shago talabijin a kunne, 'yan sanda kuma sun sa wa baƙi ido har 'yan kasuwa da yawa sun tattara sun koma gida.

Abin da ya hana ni sakat shi ne Istifanus.

Ɗan Malumfashi ne, dogo, mai wushirya, wanda ko a wannan zafin ba ka ganinsa sai da riga mai dogon hannu ta sha guga. Sana'arsa loda wa mutane kaya a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ranar Lahadi kuma shi ke jan zumuntarmu a wani ɗaki da muke haya a saman otal. Ya ce yana sona, ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, in ya shigo wuri sai na nemi abin da zan yi da hannuna. Matsalar ita ce mahaifiyarsa da tawa sun haɗu a taron zumuntar mata, sun gama ɗaura auren a bakinsu, har sun zaɓi anko.

"Lauratu," in ji Mama a waya, muryarta na yankewa tana dawowa, "yaron nan mutumin Allah ne. Ba ya sha, ba ya busawa, ga sana'a. Wa kike jira, Mala'ika Jibra'ilu?"

"Mama, ina dai addu'a a kai."

"Addu'ar nan taki ta fi wa'azin Fasto tsawo. In an rufe wasannin nan da suka cika mana talabijin, ina son amsa. I ko a'a."

Ba ta san abin da ya tsaya mini a wuya ba. Wata Lahadi bayan sujada, muna cin taliya a shagon Musulman Sin da ke ƙasan otal ɗin, ina sanye da atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na kafa ɗaurin da ya ci mini rabin safiya, sai Istifanus ya miƙo mini wani ƙunshi a leda. Na ce a raina yau ga turare. Ina buɗewa na ga ƙananan takardun bishara, wasu da Hausa wasu da Faransanci.

"Ki riƙa sa wa majinyata a ƙarƙashin matashi," ya ce. "Ba banza Allah ya ajiye ki a asibitin nan ba. Mutanen da ba za su taɓa taka ƙofar coci ba, ga su a kwance a gabanki."

Na mayar masa da ledarsa. Gaskiya ne shugabar masu jinya, Madam Lin, ta gargaɗe mu kada a kawo zancen addini cikin ɗakunan majinyata, amma ko da ba ta faɗa ba, ba zan karɓa ba. Ni a hannun kakata Saratu na tashi, wadda ta tsufa tana aikin ungozoma a asibitin mishan na garinmu. Ita addu'arta a bakin famfo take yi. In za ta taɓa majinyaci, sai ta tsaya tana wanke hannu, bakinta na motsi, ba mai jin abin da take cewa. Ta ce mini, "Wanda ke kwance ba ya iya tashi ya bar miki wurin, don haka kada ki ɗora masa abin da bai nema ba. Ki roƙa wa hannunki, Ubangiji ya san sauran." Haka na gada, haka nake yi. Istifanus yana ganin wannan tsoro ne aka yi wa kwalliya. Ni kuwa ina tambayar kaina, zan iya zama da mutumin da yake kallon majinyatana kamar gonar da ta isa girbi?

Ana cikin haka aka kawo mana Hajiya Yalwa.

'Yar kasuwa ce daga Maraɗi, ƙatuwar mace mai murya, hannu cike da awarwaro. Tana tsaka da cinikin dogayen riguna a kasuwar Shahe ciwon ciki ya durƙusar da ita, ɗanta Sabiru ya kinkimo ta a tasi. Hoto ya nuna tsakuwa ce a maɗaciya, wurin ya kumbura, likita ya ce sai an yi aiki. Hajiya ta ce atafau.

"Ni a yanka ni a ƙasar da ban jin abin da suke hwaɗi? Sabiru, tahi ka yanko mini tikiti. In mutuwa ce, in mutu a Maraɗi."

Likita ya ce in gaya mata tafiyar jirgi da wannan ciwon kasada ce. Na ja kujera na zauna kusa da ita, na yi ta lallashi. Na zana mata maɗaciya a bayan kwalin magani, na nuna mata 'yan hujojin da za a yi, na yi mata alkawarin fuskata ce ta ƙarshe da za ta gani kafin barci ya ɗauke ta. Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda.

"Don ke na yarda, ɗiyata," ta ce. "Allah ne ya aje mini ke a cikin mutanen nan."

Daga ranar na zama ɗiyarta. Ta ƙi abincin asibiti, duk abin da aka kawo sai ta ɗaga hannu ta ce "meyo, meyo," wato "babu, babu," ita a dole ta iya Sinanci. Ni nake damo mata kunu marar kauri daga gida in kawo a fulas. Ba ta taɓa tambayata addinina ba, kuma me zai sa ta tambaya? Suna Lauratu, Hausa tsantsa, ga ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki. Ni ma ban ga dalilin da zan sa ƙararrawa ina shela ba.

Ashe Istifanus ne yake loda wa Sabiru kaya, don haka ya ji labari tun kafin in buɗe baki. Da safen ranar aikin, ina ɗaura igiyar takalmina, wayata ta yi ƙara.

"Na ji yau za a shiga da mahaifiyar Sabiru. Allah ya buɗe miki ƙofa. Kada ki bari ta shiga ɗakin tiyata ba ta ji bishara ba."

Na rubuta masa, "Ka yi mata addu'a daga inda kake." Na jefa wayar a aljihu, amma saƙon ya bi ni har asibiti.

Na tarar da Hajiya a rigar asibiti mai igiya ta baya, ranta a ɓace. An cire mata awarwaro da zobba, Sabiru ya ƙulle su a hankici. Madam Lin tana ta jujjuya yatsunta tana ƙorafi, wai baƙin lallen da ke farcenta zai hana na'urar auna numfashi karatu. Da na fassara, Hajiya ta ce, "Gaya mata lallen ga ya girme ta." Ban fassara wannan ba. Muka samu ɗan yatsa ɗaya da lallen ya koɗe, aka rabu lafiya.

Madam Lin ta fita ta bar ni in sa allurar ƙarin ruwa. Na je bakin famfon da ke kusurwar ɗakin, na murza sabulu, na fara abin da na saba. Ban kai rabi ba na ji muryarta a bayana, ta yi laushi, ba irin wadda na sani ba.

"Ɗiyata, kullum ina kallon bakinki yana motsi a wurin nan. Wace sura ce kike ja?"

Ruwa na zuba a hannuna, na kasa juyowa.

"Zo nan," ta ce. "Tsoro nike ji, Lauratu. Zo ki karanta ki tofa mini, na ga bakinki na da albarka."

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Ga mace ta miƙo mini tafin hannu, an kusa zuwa da gadon da za a tura ta. Abu mafi sauƙi shi ne in sunkuya in motsa baki in tofa, ba wanda zai sani, ta shiga hankalinta kwance. Amma tofin da take nema ba shi ne nawa ba, in na yi na cuce ta a kan abin da ta fi daraja shi. In kuma na faɗi gaskiya, wa ya san ko za ta ce a kawo mata zanenta, ta fasa aikin? Ni kaɗai ce igiyar da ta riƙe ta a gadon nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga ni an ba ni gora da wuƙa ana jira a ƙofa.

Na kashe famfo, na zo na durƙusa a gefen gadon.

"Hajiya, ni Kirista ce."

Ta janye hannunta a hankali. Sabiru ya ɗago daga wayarsa, baki buɗe. 

"Kirista," ta maimaita. "Da Hausar ga taki?"

"Da ita aka haife ni, Hajiya. Da ita muke sujada."

Ta ƙare mini kallo. "To duk kwanakin nan mi kike hwaɗi a bakin pampo?"

"Cewa nake, Ubangiji Yesu, ka riƙe hannuna, kada in cuci wadda aka damƙa mini."

"Sai mi?"

"Shi ke nan."

"Ba ki roƙon in bar addinina?"

"A'a, Hajiya. Roƙona ki tashi lafiya ki koma Shahe ki ƙarasa faɗan da kika fara da mai riguna."

Gefen bakinta ya motsa, amma ba ta yi dariya ba. Ta juya ga ɗanta. "Sabiru, aje wayar nan, zo ka tofa wa uwarka. Ko karatun naka ma meyo ne?" Ya matso da sauri, ya kama kanta yana karantawa. Na miƙe zan ɗauko allura, na ɗauka tawa ta ƙare a wurinta.

"Ke, ina za ki?" ta ce. "Koma ki wanke hannun nan. Na katse ki ba ki ida ba, ni kuwa ba a soka mini allura da rabin addu'a."

Na koma bakin famfo. Sabiru na karatunsa a can, ni ina nawa a nan, hawaye na zuba ba hannun sharewa saboda sabulu. Jijiyarta mai wuyar samu ce, amma ranar a sukar farko na same ta. Na raka ta har ɗakin tiyata, tana riƙe da yatsuna biyu har barci ya kwashe ta.

Da na fito na ga Istifanus a baranda, riga fara ƙal, yana gaisawa da Sabiru. Ya yafito ni muka koma wajen matakala.

"Kin gaya mata?"

"Na gaya mata ko ni wace ce, don ta tambaya."

"Ta tambaya da bakinta, kika tsaya a nan?" Ya dafe kai. "Lauratu, ƙofa ta buɗe har bango, kika tsaya a bakinta kina gaisuwa. In ba ta farka ba fa? Me za ki ce wa Ubangiji?"

Ba da wasa ya faɗa ba, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wannan ne abin da ke ba ni wahala da shi, ba munafuki ba ne, da gaske abin yake ci masa rai.

"Zan ce masa ban yi ciniki da tsoronta ba," na ce. "Wanda ya halicce ta ya fi ni da kai sonta. Ni aikin da ya ba ni a ɗakin can shi ne in riƙe ta da gaskiya. In haka bai ishe ka ba, Istifanus, gara ka sani tun yanzu, don ko bayan aure haka zan yi."

 Na wuce na bar shi, ina cewa a raina shi ke nan, Mama ta yi asarar anko.

Na ɗauka zai tafi. Da na sake biyowa da tiren magani, sai na gan shi zaune kusa da Sabiru a benci, ya sayo masa ruwa da biskit. Lokacin la'asar shi ya tambayo masa inda babu kowa, ya riƙe masa jaka da hankicin awarwaron har ya idar. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda aka ce, Sabiru ya fara safa da marwa, Istifanus ya janyo shi gaban talabijin. Ranar ce 'yan ƙwallon Najeriya suke wasan kusa da na ƙarshe. Likita ya fito da 'yar kwalba a hannu, tsakuwoyi a ciki kamar gyaɗa, ya ce komai ya tafi daidai. Ina gama fassarawa Najeriya ta jefa ƙwallo. Sabiru ya rungume Istifanus yana kabbara, shi kuma yana "Haleluya," ba ka sanin wanne na ƙwallo ne wanne na Hajiya. Sai da Madam Lin ta fito ta zazzage mu tas, ni kuma na fassara musu da taushi.

Washegari da hantsi Hajiya ta warware, har ta fara neman awarwaronta. Ina auna mata zafin jiki aka yi sallama, Istifanus ya shigo da ledar lemo da ayaba. Ban san lokacin da hannuna ya kai ga hulata yana gyarawa ba. Kun san idon tsohuwar 'yar kasuwa.

"Lauratu, wannan hwa?"

"Mai loda muku kaya ne, Hajiya."

"Na san mai loda mini kaya. Ke nike tambaya, mi yake loda miki?"

Sabiru ya tuntsire da dariya. Na rasa inda zan sa fuskata. Ta juya ga Istifanus, ta kalle shi daga takalmi har wuyan riga kamar tana duba dila.

"Kai ma ɗan coci ne ko? Kana son ta?"

"Ina son ta, Hajiya."

"Uwarta tana ina?"

"Tana Zariya."

"To Zariya da nisa. A garin nan ni ce uwarta. Yarinyar da ta gwammace in yi hushi da ita da ta yi mini ƙarya ina bakin yanka, ba a ɗaukarta a titi kamar kwalin kaya. In da gaske kake, ranar Asabar ka zo masaukina ka durƙusa ka gaishe ni yadda ake gaida surukai. In na ga ka yi mini, in kira uwar tata mu yi magana. In ba ka iya durƙusa wa Hajiya, ka bar mini ɗiyata."

Istifanus ya tsaya kamar an dasa shi. Shugaban zumunta guda, wanda jiya yake so in yi wa matar nan wa'azi, yau an ce ya zo neman aure a gabanta. Ya ajiye ledar a kan loka, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita ba tare da ya dube ni ba.

Ranar na yini ina duba waya, shiru. Washegari ma shiru. Na ce wa kaina ba komai, na ma huta, amma na zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. Ban ji haushin abin da na yi ba ko kaɗan, zuciyata wasai take game da Hajiya. Kewarsa ce kawai ta dame ni, kuma na faɗa muku yau ba ɓoye-ɓoye.

Ranar Juma'a da rana, ina zaune a bakin gado da ɗaurin ƙirji, fanka na kaɗa mini iska mai zafi, wayar ta yi ƙara. Na bar ta ta ɗan jira don kada ta raina ni, sannan na buɗe.

"Lauratu, ban canja ra'ayina ba, har yanzu ina ganin kin bar dama ta wuce, kuma za mu yi ta wannan gardamar har mu tsufa. Tun safe nake yawo, na je shago ya fi goma, kowa meyo yake ce mini. Don Allah, a ina ake sayar da goro a garin nan?"